Mutumin Jikin Buhu

Ran Litinin na kai riɗi kasuwar Maradi,
buhu huɗu a amalanken Shibkau,
takarkarinsa na ɗingishi tun daga Tibiri.
Dillali bai ko kwance bakin buhu ba.
Ya latsa wayarsa, ya ce farashi ya faɗi.
Na ce, a ina ya faɗi, ban ji ƙararsa ba?
Ya ce, can bayan teku, jiya da dare,
kuna barci.

Ubana Nomau bai san irin wannan ciniki ba.
Shi a gulbi yake karanta shekara,
in ruwa ya taɓa saiwar gawo, ya san za a ci,
in kwaɗi sun yi shiru, ya ƙulle rumbu.
Ni kuwa na yi huɗa, na yi noma, na yi maimai,
riɗi ya yi kyau har maƙwabta na leƙe,
amma sai wani da bai taɓa riƙe hauya ba
ya faɗa mini nawa zufata ta kama.

Bana taki ya fi ƙarfin aljihu.
Wai yaƙi ake a wata ƙasa mai sanyi
wadda harshena bai iya juya sunanta ba.
Ban ji bindiga ba, ban ga hayaƙi ba,
sai dawa ta fito rawaya kamar mai shawara.

Tsahara ta kife turmi.
Shekara ashirin tana matsar man gyaɗa,
ƙamshinsa na kiran mutane tun daga bakin hanya.
Yanzu ga jarkoki jere a kowane shago,
mai ne da ba ya ƙamshin komai,
ya yi wata biyu a jirgin ruwa
ya iso, kuma ya fi nata araha.
Ta ce mini, Arzika, ta yaya na nesa ya riga na kusa?
Na rasa amsa, na tashi na ba awaki ruwa.

Da kuɗin riɗin na sayo shinkafa rabin buhu.
Autana da ke lakwal ya bi rubutun da yatsa,
ya ce, Baba, daga Indiya ta zo.
A jikin buhun ga wani mutum da rawani,
lauje a kafaɗa, haƙora a waje.

To, kai mai rawani, sannu da aiki.
Dariyar nan taka ce ko ta mai zane?
Na ji a rediyo ku ma bashi ke muku shuka,
iri ake sayar muku da ba ya barin magaji,
kowace damina sai an koma shago.
Shinkafarka ta ciyar da ƴaƴana daren jiya,
ita ce kuma ta karya wadda Hankurau ya noma a fadama,
har ya sayar da injin ban ruwa ya tafi Agadas.
Ban riƙe ka ba.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi,
ni da kai mun san wanda ke shan bugun.

Cikin wani tsohon tulu, ƙarƙashin toka,
akwai tiya biyu ta geron ubana.
Ba shi da suna a takarda, ba shi da hoto.
Shi ban kai shi sikeli ba tukuna.

Da shinkafa ta ƙare na farke buhun,
na toshe yoyon da ke kan rumbu.
Fuskarka na kallon gabas yanzu.
Kai ka fi ni tsayi a can sama,
in ka hango hadari kafin ni,
ka yi magana.